IDAN MODEM TA ƘI AIKI: A BINCIKA KAFIN A KAMA HANYAR SAKKWATO

Duk ma'aikacin da ya taɓa zama a ofishin ƙaramar hukuma a Wurno, ko Raba, ko Goronyo, ya san abin da kan faru ran da aka ce ana jiran wata takarda a Sakkwato kafin a tashi aiki, kwamfuta kuwa ta ƙi haɗuwa da intanet. Akawu zai zare modem ya hura mata iska ya mayar, ya kashe inji ya kunna, ya sake kashewa. In abin ya faskara sai ya nufi wurin Sakatare ya ce, "Ranka ya daɗe, injin nan fa ya lalace." Daga nan sai a rubuta takardar kuɗin mota, a naɗe kwamfuta cikin zane, a kama hanyar birni. Sau da yawa in an isa, mai gyara ba zai yi minti biyar ba ya miƙo ta tana aiki, ya karɓi kuɗinsa. An yi hasarar yini guda, an kashe kuɗin jama'a, kuma ba wanda ya san abin da ya lalace, balle a kiyaye gaba.

Ɗalibai ma haka abin yake a wurinsu. Tun daga shekarar 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta gaba ɗaya kan kwamfuta, kuma rajistar shiga jami'a, da duba sakamako, da neman gurbin bautar ƙasa, duk ta intanet ake yinsu, kowanne da ranar rufewa. Yaron da ya makara da yini ɗaya yana iya hasarar shekara.

Abin da wannan maƙala ke son nunawa shi ne, gano inda matsalar modem take ya fi buƙatar bin tsari daki-daki bisa ga tarin ilmi. Wannan tsari an gaje shi ne daga zamanin da ake shiga intanet ta wayar tarho ta gidan waya, kuma har gobe yana aiki, musamman a kan babbar manhajar nan ta kyauta da ake kira Linux, wadda ba ta ɓoye wa mai ita abin da ke gudana a cikinta. Da tsohuwar zuma ake magani.

MECE CE MODEM?

Kwamfuta ba ta san kome ba sai lambobi biyu, sifiri da ɗaya. Wayar tarho kuwa an shimfiɗa ta ne don ta ɗauki muryar ɗan Adam. Modem ita ce tafinta a tsakaninsu: tana mayar da lambobi su zama sauti a wannan gefe, wata 'yar'uwarta a can ɗaya gefen ta mayar da sautin lambobi. Wannan shi ne asalin ƙarar nan mai kama da kukan gyare da akan ji lokacin da modem biyu ke gaisawa. A cikin ƙarar nan suke auna ingancin layi, su daidaita a kan saurin da kowaccensu za ta iya.

A shekarar 1962 kamfanin tarho na Amurka ya fitar da modem mai ɗaukar bit 300 a daƙiƙa, watau kamar haruffa talatin ke nan. A 1981 wani Ba'amurke mai suna Dennis Hayes ya fito da modem wadda kwamfuta ke iya ba ta umurni da rubutu, kowane umurni yana farawa da haruffan AT. Sauri ya yi ta ƙaruwa har ya kai kilobit 28.8 a 1994, sannan kilobit 56 a 1998, inda ya tsaya. Don mai karatu ya gane ma'aunin, hoto guda mai nauyin megabait ɗaya yakan ci wajen minti biyu da rabi kafin ya sauko a mafi kyawun layi. A layi mai hayaniya, inda sauri ya faɗi zuwa kilobit 14.4, sai an jira fiye da minti tara.

Abin lura a nan shi ne, yaren nan na AT bai mutu ba. 'Yar modem ɗin da ake saka wa katin sim a soka a jikin kwamfuta, wadda ta bazu a ƙasar nan bayan shigowar 3G a 2007, tana jin wannan yare. Ita ma bugawa take yi, sai dai lambar da takan buga ita ce *99#.

ZAMANIN NITEL

An kafa NITEL a 1985, bayan da aka haɗe sashen tarho na Ma'aikatar Gidan Waya da kamfanin sadarwar ƙasashen waje. Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, watau NCC, an kafa ta a 1992, kuma a 1996 ta soma ba kamfanoni lasisin sayar da intanet. Amma har zuwa shekarar 2000 layukan tarho masu aiki a Nijeriya duka ba su wuce kimanin 400,000 ba, ga jama'a fiye da miliyan ɗari, akasarinsu kuma a manyan birane suke. A lokacin lambar Sakkwato ita ce 060, ta Kano 064, ta Kaduna 062. Mutumin Wurno ko Goronyo da ke son aika wasiƙar intanet a wancan lokaci, hanyar da ta fi masa sauƙi ita ce ya shiga mota zuwa birni. Wanda kuma kamfaninsa na intanet ke wani gari mai nisa, kowane minti da ya yi a haɗe kuɗin kiran nesa ake lissafa masa.

Tsadar nan ita ta koya wa ma'aikatan farko nutsuwa. Mutum ba ya buga layi sau ashirin yana fatan sa'a, tun da kowane bugu kuɗi ne. Sai ya tsaya ya saurari ƙarar, ya karanta amsar da modem ta ba shi, ya gane inda ruwa ya tsaya. Da aka yi gwanjon lasisin wayar salula a watan Janairu na 2001, MTN da Econet suka fara aiki cikin watan Agusta, Globacom ta biyo baya a 2003, sai layin ƙasa ya soma ja da baya, har NITEL ta durƙushe aka sayar da kadarorinta. A Amurka ma kamfanin AOL ya rufe wannan hanya ta bugawa a ƙarshen watan Satumba na 2025. Hanyar ta tafi, amma bai kamata nutsuwar ta bi ta ba.

DALILIN ZAƁEN LINUX

Babbar manhaja ita ce ke riƙe da ragamar kwamfuta, ita ke raba aiki tsakanin allo da maɓallai da ma'adana da sauran sassa. Wadda aka fi sani a ofisoshinmu ita ce Windows ta kamfanin Microsoft, wadda sayen lasisinta ake yi, asirin yadda aka rubuta ta kuma yana hannun kamfanin. A 1983 Richard Stallman ya soma wani aiki a Amurka mai suna GNU, da nufin samar da manhaja wadda kowa ke da 'yancin karantawa da gyarawa da rabawa. A 1991 wani ɗalibin Jami'ar Helsinki ta ƙasar Finland, Linus Torvalds, ya rubuta zuciyar da ta cike gurbin da ya rage, aka kira ta Linux. A 2004 wani ɗan Afirka ta Kudu, Mark Shuttleworth, ya fitar da wani nau'inta mai sauƙin sarrafawa da ake kira Ubuntu.

Wannan magana ta shafe mu kai tsaye. Ran 14 ga Oktoba, 2025, Microsoft ta daina kula da Windows 10 kamar yadda ta saba, tsofaffin injuna da dama kuwa ba za su ɗauki wadda ta gaje ta ba. Makarantar da ba ta da kuɗin sababbin kwamfutoci tana iya ɗora Linux a kan waɗanda take da su ba tare da biyan ko kwabo ba. Bugu da ƙari, Linux tana ajiye rahoton duk abin da ya faru a cikinta, layi bayan layi, tamkar littafin shiga da fita na ofis. Wanda ya iya buɗe littafin nan ya huta da zato.

A BI HANYAR RUWA

Manomin rani a kwarin Rima ya riga ya san wannan tsari, ko da bai taɓa ganin kwamfuta ba. Madatsar ruwa ta Goronyo, wadda aka kammala gininta a 1984, tana tare Kogin Rima, daga nan ruwan ke gangarowa ya wuce ta gefen Wurno ya nufi Sakkwato. In manomi ya iske fangalin albasarsa ko na tafarnuwa a bushe, ba ya cewa dam ya ƙafe. Yakan fara da bakin fangali, ya bi ƙaramar kwata, ya duba injin ban ruwa ko akwai mai, ya duba tiyo ko ya toshe, sannan ya kai ga babbar magudana. Inda ya iske ƙasa jiƙe a sama, busasshiya a ƙasa, nan matsalar take.

Haɗuwa da intanet ma ƙofofi huɗu gare ta, ɗaya na bin ɗaya. Ta farko tsakanin kwamfuta da modem. Ta biyu tsakanin modem da layi. Ta uku tsakanin mai kira da kamfanin da ke sayar masa da intanet. Ta huɗu tsakanin kamfanin da sauran duniya. Doka ɗaya ce: kada a taɓa ƙofa ta gaba sai an tabbatar ta baya a buɗe take, kuma kada a sauya abu biyu a lokaci guda, domin in aiki ya tashi ba za a san wanne ya yi magani ba.

ƘOFA TA FARKO: KWAMFUTA TA GA MODEM?

A Linux kowace na'ura suna gare ta. Kafar da Windows ke kira COM1, a nan ttyS0 ce, COM2 kuma ttyS1, domin Linux daga sifiri take fara ƙirga. Wannan ɗan bambanci kaɗai ya ɓatar da mutane masu yawa, suna aika umurni ta kafar da ba kome a jikinta. Modem mai katin sim kuwa takan fito da sunan ttyUSB0 ko ttyACM0.

Sai mutum ya buɗe baƙin allon nan da ake rubuta umurni, ya soka modem, ya rubuta dmesg. Layukan ƙarshe za su nuna ko kwamfuta ta ji an soka wani abu, da sunan da ta ba shi. Umurnin lsusb yana jera duk abin da ke jikin kafofin USB, lspci kuma yana jera abin da ke dashe a cikin inji. In ba a ga modem a ko ɗaya ba, a sauya kafa, a sauya igiya, a gwada ta a wata kwamfuta. Kafar da ƙurar hunturu ta cika, ko igiyar da ɓera ya taɓa, ba manhajar da za ta gyara su.

A zamanin layin ƙasa babban tarko a nan shi ne modem mai araha da ake dasawa cikin inji, wadda aka yi wa laƙabi da winmodem. Masu ƙera ta sun cire mata sassan da ke yin aikin sauti don rage tsada, suka ɗora aikin a kan wata manhaja da aka rubuta wa Windows kawai. A Linux sai ta zama gawa, sai in an yi dace wani ya rubuta mata direba, watau 'yar manhajar da ke tuƙa na'ura. Shi ya sa masana suka riƙa ba da shawarar a sayi modem ta waje mai akwatinta da fitilunta, wadda ke aiki da kowace irin kwamfuta.

Modem mai sim tana da nata irin tarkon. Da yawansu in an soka su sukan fara nuna kansu a matsayin faifai mai ɗauke da manhajar Windows, ba a matsayin modem ba. Akwai wata 'yar manhaja mai suna usb_modeswitch wadda aikinta shi ne ta ce wa na'urar ta tuɓe rigar faifai ta sa ta modem. In dmesg ya nuna faifai bai nuna ttyUSB ba, to wannan ce ba ta nan ko ba ta yi aikinta ba.

Saura abu biyu. Na ɗaya izini: Linux ba ta barin kowa ya taɓa modem sai wanda aka sa sunansa cikin rukunin masu izini, wanda a Ubuntu ake kira dialout. Na biyu cunkoso: in wata manhaja, kamar ModemManager, ta riga ta riƙe kafar, ta biyu za ta iske ƙofa a kulle, sai an dakatar da ta farkon.

In duk wannan ya daidaita, sai a buɗe manhajar minicom, a rubuta AT, a danna maɓallin shigarwa. In modem ta amsa da OK, an wuce ƙofa ta farko, kuma ba sauran dalilin ɗaukar kwamfuta zuwa birni a kan cewa ba ta ganin modem.

ƘOFA TA BIYU: MODEM DA LAYI

A layin ƙasa akan fara da ATZ don a mayar da modem kan saitinta, sannan ATM1 don a buɗe lasifikarta a ji da kunne, sannan ATDT tare da lambar da za a kira. Amsoshin da takan bayar kaɗan ne, kowacce kuma da ma'anarta. NO DIALTONE na nufin ba ta ji kukan layi ba. A nan sai a cire igiyar a sa ta a kan tarho na hannu a saurara. In shiru ne, layin ne ya mutu. In akwai kuka, watakila an soka igiyar a ramin da ba nata ba, domin modem ramuka biyu gare ta, ɗaya na layi, ɗaya na tarho. Wani lokaci kuma kukan layin ne ya bambanta da wanda modem ta saba ji a ƙasar da aka ƙera ta, sai a ba ta umurnin ATX3 don ta buga ba tare da jira ba. Tsofaffin injunan gidan waya da ba su gane bugun sauti ba, sai an yi musu ATDP, irin bugun tarho mai juyawa. A ofishin da sai an danna wata lamba kafin a sami layin waje, akan sa waƙafi bayan lambar don modem ta ɗan dakata.

BUSY na nufin layukan kamfani sun cika, magani haƙuri ne ko jiran dare. NO CARRIER na nufin an ɗauka amma gaisuwa ba ta kammalu ba, ko ta yanke. Yawanci hayaniyar layi ce: haɗin waya da ya yi tsatsa, ko ruwan damina da ya shiga rami. Maganinsa a rage sauri, domin sannu ba ta hana zuwa. CONNECT ita ce bushara.

Modem mai sim ma haka ake yi mata tambayoyi. AT+CPIN? yana tambayar ko katin na nan kuma a buɗe yake, amsar da ake so ita ce READY. AT+CSQ yana auna ƙarfin sabis daga 0 zuwa 31. Abin da ya gaza 10 rauni ne, 99 kuwa na nufin ba ta iya aunawa ba. AT+CREG? yana faɗin matsayin katin a wurin kamfani: in lambar ƙarshe 1 ce an karɓe shi, in 2 ce ana kan nema, in 3 ce an ƙi shi.

Lambar nan ta 3 tana da muhimmanci. Tun daga watan Disamba na 2020 Gwamnatin Tarayya ta wajabta haɗa kowane layi da lambar shaidar ɗan ƙasa, watau NIN, kuma an rufe layuka masu ɗimbin yawa da ba a haɗa ba. Katin ofis da wani ma'aikaci ya yi wa rajista da sunansa, aka yi masa canjin wurin aiki ya tafi, yana iya mutuwa ba wanda ya lura. Haka nan modem da wani kamfani ya sayar a kulle ba ta karɓar katin wani kamfanin. Gwaji mafi sauƙi shi ne a cire katin a sa a wayar hannu. In can ma bai yi ba, modem ba ta da laifi.

In kuwa rauni ne na sabis, gini mai rufin kwano da katanga mai kauri yana tare shi. Igiyar USB mai tsawon mita uku zuwa biyar, wadda za ta kai modem bakin taga ta gefen da ƙarfen sabis yake, takan ɗaga lambar nan ta CSQ a ga bambanci da ido.

ƘOFA TA UKU: GAISUWA DA KAMFANI

Bayan CONNECT sai wata manhaja mai suna pppd ta karɓi aiki. Ita ce ke gabatar da mai kira, ta miƙa sunansa da kalmar sirrinsa, ta karɓo masa lambar adireshi wadda za a san shi da ita a intanet muddin yana haɗe. Manhajar wvdial tana haɗa bugawa da wannan gaisuwa wuri ɗaya, tana kuma rubuta kowane mataki a allo, shi ya sa ta fi dacewa da mai bincike.

In layi ya haɗu sannan ya yanke bayan 'yan daƙiƙu, galibi a nan matsalar take. A duba rahoto, ko dai a fayil ɗin syslog ko ta umurnin journalctl a sababbin nau'o'in Linux. In an ga an ƙi sunan mai kira, to a tuna babban harafi da ƙarami ba ɗaya ba ne a wurin kwamfuta, ko kuma kuɗin wata ne ya ƙare. A modem mai sim abin da ya maye gurbin wannan shi ne sunan mashiga da ake kira APN, wanda kowane kamfani ke da nasa. Harafi ɗaya in ya kauce, ba za a shiga ba. Kafin a zargi kome kuma, a duba ko akwai sauran data a katin. Abin kunya ne a kai inji Sakkwato a gano kuɗi ne babu.

ƘOFA TA HUƊU: HANYA DA SUNAYE

Akwai lokacin da kome zai nuna an haɗu, amma shafi ya ƙi buɗewa. A nan gwaji biyu ake yi da umurnin ping, wanda ke aika ɗan saƙo ya jira amsa. Na farko a aika wa lamba, misali 8.8.8.8 ta kamfanin Google. In ba amsa, kwamfuta ba ta san ta wace kafa za ta fitar da saƙo ba. Wannan kan faru in akwai wata igiyar ofis a jikinta wadda ta ɗauka ita ce babbar hanya, sai a cire ta a sake bugawa. In lamba ta amsa, sai a aika wa suna. In suna ya ƙi, to matsalar ta mai fassara sunaye ce, watau DNS, wanda aikinsa kamar na littafin lambobin tarho ne: ka ba shi suna ya ba ka lamba. Adireshinsa yana cikin fayil ɗin resolv.conf, a nan za a duba ko fanko ne ko kuwa an rubuta kuskure.

Daɗin daɗawa, a duba agogon kwamfuta. Tsohon inji da ɗan batirinsa na ciki ya mutu yakan koma wata shekara da ta wuce duk lokacin da aka ɗauke wuta, shafuka masu tsaro kuwa, irin na banki da na jarrabawa, ba su yarda da kwamfutar da kwanan watanta ya saɓa.

IN LAIFIN BA NA INJI BA NE

Amfanin wannan tsari bai tsaya ga gyara ba, yana kuma nuna wa mutum lokacin da ya kamata ya sa hannunsa a aljihu. A watan Satumba na 2021, bayan da aka rufe hanyoyin sadarwa a Jihar Zamfara saboda yaƙi da 'yan bindiga, an rufe su kuma a ƙananan hukumomi 14 daga cikin 23 na Jihar Sakkwato, har da Raba da Goronyo, kafin daga baya a mayar. A irin wannan hali modem za ta amsa OK, kati zai ce READY, amma CREG ba zai bar neman da yake yi ba. Haka za a gani in man injin ƙarfen sabis ya ƙare, ko aka yanke igiyar ƙarƙashin ƙasa wajen aikin hanya. Wanda ya karanta alamun nan ya san dam ne aka rufe, ba zai farfasa fangalinsa ba. Wanda bai karanta ba kuwa yana iya goge manhajar inji duka, ya haɗa da takardun ofis na shekaru.

Damina ma tana da nata. Tsawa ta kashe modem masu yawa a zamanin layin ƙasa, domin takan biyo waya ta shigo har cikin inji. Har yanzu hikimar ita ce a zare igiyoyi daga bango in hadari ya taso.

ABIN DA YA KAMATA A YI

Shawara ta farko ga shugabannin ma'aikatu: kowane ofis ya ajiye littafi guda kusa da kwamfuta, a rubuta sunan modem, da lambar katin, da sunan wanda aka yi rajista da shi, da APN, da ranar da data ke ƙarewa. Duk ran da aka sami matsala a rubuta ƙofar da ta tsaya da abin da ya gyara ta. In an yi wa akawu canjin wurin aiki, iliminsa ba zai bi shi ba.

Ta biyu, a ajiye kati na wani kamfani dabam da igiyar waya. Wayar hannu ta zamani in an haɗa ta da kwamfuta ta igiya aka buɗe mata rabon intanet, Linux takan gane ta nan take ba tare da direba ba. Wannan kaɗai ya isa ya fitar da takarda kafin a tashi aiki.

Ta uku ga malaman makarantun sakandare da ɗalibai: tsohuwar kwamfutar da aka jingine a sito, in an ɗora mata Linux, ta zama ɗakin gwaji. Yaron da ya koyi rubuta AT ya jira OK ya koyi abin da ya fi modem daraja, watau ya yi tambaya ɗaya a lokaci ɗaya, ya saurari amsa, ya rubuta.

Wurno ita ce ribaɗin da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya zauna, can kuma aka rufe shi a 1837, Allah Ya jiƙansa. Daga wannan yanki wasiƙu suka riƙa fita a bayan dawaki zuwa Kano da Katsina da Zazzau da Adamawa, kuma suna isa. Raba ita ce mahaifar Sardauna Ahmadu Bello, wanda ya yi ta kiran 'yan Arewa su koyi aikin hannu da na ofis don su riƙe ma'aikatunsu da kansu. Bai dace a ce jikokin waɗannan mutane suna ɗaukar inji a ka zuwa birni saboda harafi ɗaya da ya kauce ba. In an bi ƙofofin nan huɗu abin ya ƙi, to a tafi wurin mai gyara, amma a tafi da littafi a hannu, a ce masa ga inda ruwa ya tsaya. Allah Ya ba mu sa'a.